BABI NA UKU: BOREN GARKUWAR JIKI GA MASU FAMA DA KUTURTA DA ƘANJAMAU A GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi ya duƙufa ne a kan wani yanayi da ke aukuwa ga mutumin da kuturta da ƙanjamau suka haɗu a jikinsa, musamman a 'yan watannin farko bayan ya fara shan maganin ƙanjamau. A daidai lokacin da ake sa ran samun sauƙi, sai a ga fatarsa ta kumbura ta yi ja, jijiyoyinsa sun ɗauki zogi, wani lokaci ma yatsunsa su mutu cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatan lafiya suna kiran wannan yanayi "riyakshin". A wannan nazari kuwa an zaɓi a kira shi "boren garkuwar jiki", domin garkuwar da aikinta shi ne kare jiki ita ce ke juyowa ta yi masa ɓarna. An dubi al'amarin ne ta fuskar ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu na Jihar Zamfara.

3.1 Kuturta da Garkuwar Jiki

Bahaushe ya daɗe da sanin kuturta. Akwai sarautar Sarkin Kutare a garuruwa da dama, akwai Kuturu a cikin iskokin bori, kuma karin magana irin su "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa" sun nuna irin zaman da cutar ta yi a cikin al'umma. A al'adance ana danganta ta da gado, ko rantsuwa bisa ƙarya, ko haɗa kifi da nono, ko kuma sammu. Binciken likitanci kuwa ya tabbatar da cewa wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Mycobacterium leprae ke haddasa ta, wadda wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano a shekarar 1873. Wannan ƙwaya tana da nawa ƙwarai, domin takan ɗauki kimanin mako biyu kafin ta rabu gida biyu. Saboda haka mutum na iya ɗauke da ita shekara biyar, wani ma har ashirin, ba tare da wata alama ta bayyana ba.

Wuri biyu ƙwayar ta fi son zama, wato fata da jijiyoyi. Ya kamata a lura cewa kalmar "jijiya" a Hausa ta haɗa hanyoyin jini da igiyoyin da ke ɗaure nama da ƙashi, amma duk inda aka ambace ta a wannan babi ana nufin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji da na motsi.

Kamannin da cutar ke ɗauka sun danganta ne da yadda garkuwar jikin mutum ta tarye ta. A shekarar 1966 masana biyu, Ridley da Jopling, suka kasa kuturta gida biyar bisa wannan ma'auni. A gefe guda akwai wanda garkuwarsa ta tsare cutar sosai, tabonsa bai wuce ɗaya ko biyu ba, ƙwayoyin cutar kuma ba su da yawa. A ɗaya gefen akwai wanda garkuwarsa ta yi biris da cutar har ƙwayoyin suka cika masa fata da hanci da kunnuwa. Sauran rukuni ukun suna tsakiya, kuma su ne ba su da tabbas, domin garkuwarsu na iya yin sama ko ta yi ƙasa a kowane lokaci. Don sauƙaƙa aiki a ƙananan asibitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita rabon zuwa gida biyu: mai tabo ɗaya zuwa biyar, da mai tabo fiye da biyar ko wanda cutar ta riga ta taɓa masa jijiya.

3.2 Ire-iren Boren

Boren iri biyu ne. Na farko ya fi samun 'yan rukunin tsakiya, kuma masana sun kiyasta cewa yakan taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku daga cikinsu. Abin da ke faruwa shi ne, fararen ƙwayoyin jini sukan yunƙuro gaba ɗaya su far wa duk inda ƙwayar cutar ko gawarta take. Tsohon tabon da ya kwanta sai ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi. Da a fata kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi, amma ƙwayar tana zaune ne a cikin rigar da ta lulluɓe jijiya, don haka yaƙin a can ciki ake yin sa. Jijiyar takan kumbura a wuraren da ta ratsa ta matsatsi, kamar gwiwar hannu da gefen gwiwar ƙafa da bayan idon sawu, jini ya kasa isa gare ta, ta fara mutuwa. Lamarin ya yi kama da na mutumin da ya cinna wa rumbu wuta don ya kashe ɓera. Daga nan ne ake samun ƙandarewar yatsu, da jan ƙafa, da kasa rufe ido, da tafin ƙafar da ba ya jin ƙaya ko garwashi, wanda daga baya yake zama gyambo. Wato ke nan, dungulmin da jama'a suka ɗauka shi ne kuturta, mafi yawansa sakamakon mutuwar jijiya ne.

Na biyu yakan samu masu ƙwayoyin cuta da yawa. Alamominsa su ne zazzaɓi da kasala da ƙuraje masu zafi a ƙarƙashin fata, waɗanda ke fitowa su ɓace su sake dawowa, tare da ciwon gaɓoɓi da na ido, wani lokaci da kumburin maraina. Duka biyun na iya zuwa kafin a fara maganin kuturta, ko ana cikin sha, ko bayan an gama, saboda gawar ƙwayar takan daɗe a jiki shekaru kafin ta narke.

3.3 Haɗuwar Kuturta da Ƙanjamau

An ba da rahoton ƙanjamau a Nijeriya karon farko a shekarar 1986. Ƙwayar HIV tana kashe wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake amfani da shi, idan kuwa suka gaza 200 to cutar ta yi nisa. Da yake ƙwayar kuturta 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, kuma an ga yadda ƙanjamau ta ninka haɗarin tarin fuka fiye da sau goma, sai masana suka yi hasashen cewa kuturta ma za ta bazu, kuma za ta riƙa zuwa da mummunan kamanninta.

Hakan bai faru ba. Binciken da aka yi a gundumar Karonga ta ƙasar Malawi, wanda aka buga a 1991, bai sami hujjar cewa ƙanjamau tana ƙara haɗarin kamuwa da kuturta ba. Da aka yanki fatar masu cututtukan biyu a Barazil aka duba, sai aka tarar da ƙwayoyin CD4 sun taru a cikin tabon kamar yadda suke taruwa ga kowa, alhali a cikin jini sun yi ƙaranci. Wannan ne ya sa Ustianowski da Lawn da Lockwood, a wata maƙala ta 2006, suka bayyana dangantakar cututtukan biyu a matsayin abu mai ɗaure kai. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne nawar ƙwayar kuturta: kafin zuwan magani, ƙanjamau takan kashe mutum tun kuturtar ba ta kai ga bayyana ba. Inda aka ga bambanci shi ne wajen bore, domin nazarce-nazarcen da aka yi a Yuganda da Habasha sun nuna alamar cewa ya fi yawa ga masu cututtukan biyu.

Al'amarin ya sake fuska bayan 1996, lokacin da aka fara haɗa magunguna uku wajen danne ƙwayar HIV. A 2003 Lawn da abokan aikinsa suka ba da labarin wani ɗan Yuganda da ake yi wa magani a Landan. Wata biyu da fara shan maganin, sai jajayen tabbai masu tudu suka fito masa a fuska, gwaji kuma ya nuna kuturta ce ta rukunin tsakiya tare da bore na farko. Bayan wannan sai rahotanni suka yi ta fitowa, mafi yawa daga Barazil, ƙasar da ke da kutare da yawa kuma ta fara raba maganin ƙanjamau kyauta tun 1996, sai kuma Indiya. Likitoci suna taƙaita sunan wannan yanayi da IRIS, ma'anarsa kumburin da ke biyo bayan farfaɗowar garkuwar jiki.

Bayaninsa ba shi da wuyar fahimta. Lokacin da ƙanjamau ta kwantar da garkuwa, ƙwayar kuturta tana nan zaune a fata da jijiya babu mai ce mata uffan. Da magani ya danne HIV, sai ƙwayoyin CD4 su ƙaru cikin makonni, su tarar da baƙuwar da ta daɗe a gida, su auka mata da ƙarfin da ya wuce kima. Ga wanda ba a san yana da kuturta ba, wannan ne karon farko da za ta bayyana. Ga wanda yake kan maganinta kuwa, tabbansa ne za su tashi. Deps da Lockwood, a rubuce-rubucensu na 2008 da 2010, sun nuna cewa abin ya fi aukuwa cikin wata shida na farkon shan magani, ya fi samun waɗanda suka fara da CD4 ƙasa ƙwarai, kuma tabon yakan fashe ya zama miki fiye da yadda aka saba gani. Abin lura a nan shi ne, wannan kumburi shaida ce cewa maganin ƙanjamau yana aiki. Sai dai majinyacin da ke kallon fuskarsa a madubi ba zai karanta shi haka ba.

3.4 Yanayin Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, waɗannan garuruwa suna cikin Jihar Sakkwato ne, kuma babban asibitin kutare na yankin shi ne na Amanawa kusa da Sakkwato. Shi da na Babbar Ruga a Katsina da na Yadakunya a Kano suna cikin wuraren da mishan ta SIM ta riƙe tun wajajen 1937. A wancan zamani killace kutare ake yi. Daga baya aka koma ba da ƙwayar dafson a ɗakunan shan magani, sannan a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ake kira MDT, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Nijeriya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa a 1989, tana horar da ma'aikatansa a Saye ta Zariya, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai kula da cututtukan biyu. A Zamfara ƙungiyar The Leprosy Mission tana cikin masu tallafa wa aikin. A 1998 ƙasar ta cim ma mizanin ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000, amma duk da haka a mafi yawan shekarun baya-bayan nan ana samun sababbin masu cutar fiye da 2,000.

Ta ɓangaren ƙanjamau, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, shiyyar Arewa maso Yamma kuwa ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da magani a 2002, a 2016 kuma aka koma ɗora duk wanda gwaji ya tabbatar a kan magani nan take. Bisa ga waɗannan alƙaluma, masu cututtukan biyu ba za su yi yawa a waɗannan ƙananan hukumomi ba. To amma ƙarancin nan shi kansa matsala ne, domin abin da ma'aikaci ba ya yawan gani ba ya zuwa masa a rai.

Tsarin aikin ma ya taimaka wajen ɓoye matsalar. An ɗaure tarin fuka da ƙanjamau wuri guda: ana yi wa mai tarin fuka gwajin HIV, shi kuma mai HIV duk zuwan da ya yi ana tambayarsa tari da zazzaɓi da rama da gumin dare. Tabon da ba ya ji ba ya cikin waɗannan tambayoyi huɗu. Haka kuma tun bayan 1998 hankali da kuɗi suka karkata ga tarin fuka, tsofaffin ma'aikatan da suka ƙware wajen lalubar jijiya suka yi ta ritaya.

Don a fahimci yadda abin ke tafiya, a ɗauka ga wani magidanci a wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Ya rame, an gwada shi, an same shi da HIV. Saboda gudun idon sani bai karɓi magani a asibitin garinsu ba, sai ya zaɓi Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da sauran manyan asibitoci suke. Bayan mako shida ya fara cin abinci, ƙarfinsa ya fara dawowa, sai wani farin tabo da ya daɗe a kafaɗarsa, wanda ya ɗauka kyasbi ne, ya kumbura ya yi ja, gwiwar hannunsa ta hana shi barci, ƙaramin yatsansa ya fara mijirya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Fassara uku ce a gabansa. Ko ya ce maganin Bature ne bai karɓe shi ba, ya daina sha. Ko 'yan uwa su ce jifa ne, a nufi wurin mai magani, wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho a kan kumburin. Ko kuma ya je kemis a ba shi maganin makero ko na ƙaiƙayi. Kowace ya ɗauka, makonni za su wuce, jijiyar kuwa ba ta jira.

Ko da ya yi niyyar komawa asibiti, akwai maganar hanya. Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bunguɗu tana kan ta Gusau zuwa Sakkwato, kuma ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka addaba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar na tsawon makonni, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Ga mutumin ƙauye, ranar kasuwa ita ce ranar samun mota da kuɗin mota, babur kuma shi ne motar asibitinsa. Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gusau sukan bar katinsu a baya, su zauna a cunkushe, wanda hakan ke sauƙaƙa yaɗuwar kuturta ta numfashi a tsakanin masu doguwar cuɗanya. A kan wannan kuma aka sami yankewar maganin MDT a faɗin ƙasa na kusan shekara guda, har sai da sabon kaya ya iso a watan Maris na 2025.

Lamarin mata ya fi tsanani. Da yawansu a wurin awon ciki ake gano suna da HIV, a nan kuma ake ɗora su a kan magani. An kuma san cewa watannin bayan haihuwa lokaci ne da bore na farko ke yawan tashi, saboda garkuwar da ciki ya sassauta tana komawa daidai. Ke nan mai jego tana iya fuskantar farfaɗowa biyu a lokaci guda. Ga shi tabon na iya kasancewa a cinya ko gadon baya, inda ba za ta buɗe wa ma'aikaci namiji ba, ga kuma tsoron sunaye biyu waɗanda kowane ɗaya ya isa ya kashe aure. A nan ungozoma da ma'aikaciyar awo sun fi kowane likita damar ganin abin da wuri.

3.5 Ganewa da Magani

Gane kuturta ba ya bukatar na'ura. Ana sa majinyaci ya rufe ido, a taɓa tabon da bakin auduga, in bai ji ba to alama ce babba. Ana laluba jijiyar gwiwar hannu da ta gefen gwiwa a ji ko ta yi kauri ko tana zafi, a gwada tafin hannu da na ƙafa da bakin biro, a sa shi ya buɗa ƙaramin yatsa, ya ɗaga babban yatsa, ya ɗaga ƙafa, ya runtse ido. Duka wannan bai wuce aikin 'yan mintoci ba, kuma babu dalilin da zai hana a koyar da shi sosai ga ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, tun da su ne za su riƙe ɗakunan shan magani na ƙauyuka.

Wajibi ne a bambance bore da ƙin magani, domin hukuncinsu ya saɓa. Ƙurajen ƙin magani, irin waɗanda nebirafin ko kotirimokzazol ko dafson ke kawowa, sukan bazu ko'ina a jiki, suna ƙaiƙayi, suna iya taɓa baki da ido ko su zo da shawara, kuma a nan dole a tsayar da maganin a garzaya asibiti. Bore kuwa a kan tabo da jijiya yake tsayawa, kuma ba a tsayar da komai. Haka nan ita ma HIV tana lalata jijiya, sai dai nata yakan fara ne daga yatsun ƙafafu biyu a tare, ba tare da kaurin jijiya ba.

Ƙa'idar ita ce a ci gaba da maganin ƙanjamau, a fara ko a ci gaba da MDT, sannan a kwantar da boren. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar magunguna uku ga kowa, wato rifamfisin da dafson da kulofazimin, na wata 6 ga mai tabo kaɗan, wata 12 ga mai yawa, kuma mai HIV ba a canza masa wannan adadi. Ya kamata a gaya masa tun farko cewa rifamfisin na sa fitsari ja, kulofazimin kuma na sa fata duhu na wani lokaci, don kada ya firgita. Idan yana shan zidobudin sai a sa ido a kan jininsa, saboda shi da dafson duk suna rage jini.

Maganin boren shi ne firednisolon. An saba farawa da miligiram 40 a rana, ana ragewa sannu a hankali cikin mako 12, daga baya kuma aka ga tsawaitawa zuwa mako 20 ya fi amfani. A nan ne likita ke shiga halin gaba kura baya sayaki, domin maganin danne garkuwa yake yi, majinyacin kuwa garkuwarsa yanzu take tasowa. Saboda haka kafin a fara akan bincika tarin fuka, a ba da maganin tsutsar ciki, a auna sukari da hawan jini, a tambayi gyambon ciki. Haɗari ne babba majinyaci ya saye shi a kemis ya riƙa sha yana dainawa yadda ya ga dama, musamman da yake yana kawo sauƙi nan da nan. Ga bore na biyu mai naci akan ƙara kulofazimin. Talidomaid ma yana aiki, amma yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a ba macen da ke iya ɗaukar ciki sai da tsauraran matakai.

Jijiyar da ta yi rauni ƙasa da wata shida tana da kyakkyawar damar farfaɗowa idan aka ba da firednisolon. Wadda ta wuce haka kuwa da wuya ta dawo, abin da ya rage sai kiyaye gaɓar: jiƙa ƙafa a ruwa kullum a shafa mai, sa takalmi mai taushin ciki, naɗe ƙotar fartanya da tsumma, riƙe tukunya da ƙyalle, da duba tafin ƙafa kowane dare kafin a kwanta.